Mai Kunne a Gaban Layi

A gandun dajin nan ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Mai Kunne ake ce masa, tun daga manaja har mai wankin zannuwan masaukin baƙi. Aikinsa shi ne ya ɗebi 'yan yawon buɗe ido, kada su wuce shida, ya shiga da su daji a ƙafa, su hau dutse su gangara kwari, su ga namun daji ido da ido, ya dawo da su lafiya. Masu kai baƙi a mota suna nan birjik, amma shi kallon direbobin haya yake musu. A cewarsa, wanda ya ga giwa ta tagar mota hotonta kawai ya gani.

Mutum ne mai tsaurin tsiya. Kowace safiya zai jera baƙi a bakin masauki ya karanta musu dokokinsa: layi ɗaya za a yi, ba mai wuce shi, ba hira, ba gudu ko me aka gani. Abin da ka shiga da shi da shi za ka fito, ko ledar alawa ce. Ba a jifan dabba don ta waiwayo a ɗauki hoto. Ya taɓa juyo da wani babban mutum daga rabin hanya a kan guntun sigari, manaja ya yi ta ba da haƙuri, shi ko a jikinsa. Bindiga tana kafaɗarsa shekara ashirin da ɗoriya, bai taɓa harbin dabba da ita ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

"Ranar da na harba," yakan ce, "ni na yi kuskure, ba dabbar ba. Gidanta muka shigo."

Ba tsafi yake yi ba, kunne ne Allah ya ba shi. Akwai carki, ɗan tsuntsun nan mai jan baki da ke bin ɓauna yana cin kaskar jikinta. Da ya hango mutum sai ya yi wani siririn kuka. Wanda ya ji kukan carki a cikin sarƙaƙiya ya san akwai ɓauna kwance, sai ya sake hanya tun ba su haɗu ba. Mai Kunne yana jiyo shi daga inda wasu ko da sun kasa kunne ba za su ji ba.

To, bana dajin ya fara yi masa shiru. Da farko cewa ya yi tsuntsaye ne suka ragu. Maiɗakinsa ce ta fara ganowa.

"Malam, rediyon nan kai da maƙwabta kuke ji?"

"Batir ne ya yi sanyi."

"Batirin wa?" in ji ta, ta ci gaba da ninke kaya.

Bai yi dariya ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don ya san inda ake kai jagoran da ya gaza. Akwai wata kujerar roba a ƙofar gandun, inda ake zama ana ɗaga wa motoci sanda. Ya ga mazan da suka fi shi sun ƙare a kanta suna gyangyaɗi. Ya yi wa kansa alkawari ba za a gan shi a nan ba, don haka ya ja bakinsa ya yi gum.

Sai dai akwai wadda ba zai iya ɓoye wa ba. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ke tafiya a bayan layi. Shi ya koya mata dajin tun tana riƙe gefen rigarsa, ta girma ta ci jarrabawar jagora har da ta riƙon bindiga. Na baya shi ke ɗaukar ruwa da akwatin magani da buhun shara, kuma ba ya barin wurinsa ko sama za ta faɗo. Idan ya ga wani abu, ɗan siririn fito yake yi wa na gaba, irin wanda dabba za ta ɗauka tsuntsu ne.

Ran nan da safe suna cika gorunan ruwa a ɗakin ajiya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baba, jiya na yi maka fito wajen bishiyar kukar nan mai rami."

"Na ji ki. Gwada ki nake yi."

"Baba, ka bar ni in yi gaba yau. Ba wanda zai ce komai."

"Ke da na goya? Rufe gorar nan, kina zubar da ruwa."

Ta rufe.

Baƙin ranar ba su da matsala, in ka cire wani mai kyamara da ke ji kamar don shi aka halicci dajin. Wadda ke bin Mai Kunne a layi wata tsohuwa ce mai sandunan tafiya biyu, ga ƙarfin hali. Suka hau dutse rana tana ɗagowa, suka ga gwanki da barewa daga sama, aka sha ruwa, aka gangaro kwarin da ke kaiwa rafi. Nan ciyawa ta kai ƙirji, itatuwa sun haɗe kai.

Ya ciro tsohuwar safar da yake cikawa da toka, ya girgiza. Tokar ta dawo masa a fuska, wato iska tana ɗauke warinsu zuwa baya, daidai yadda ake so. Ya duba ƙasa. Akwai sawun ɓauna, amma gefensa ya bushe, na jiya ne. Ya kasa kunne, bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Ya ce a ransa, shirun nan na lafiya ne. Ya ci gaba, yana baza ido hagu da dama kamar mai neman kuɗin da ya yar.

Sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

Ya waiwayo a fusace, don ba a taɓa shi a daji. Tsohuwar ce, ta haɗa sandunanta a hannu ɗaya, fuskarta ta yi fari fat. A kafaɗarta akwai hannun na bayanta, shi ma haka, har zuwa ƙarshen layi. Auta ba ta bar wurinta ba, ba ta yi ihu ba, saƙon ta turo masa hannu da hannu. Tana tsaye ta ɗora yatsu biyu a ka kamar ƙaho, tana nuna hagu da haɓa.

Ya duba hagu. Inuwa ce kawai, da wani baƙin dutse a gindin tsamiya. Sai ga carki sun tashi daga kan dutsen, ya ga jajayen bakunansu suna buɗewa suna rufewa, suna ta kuka, shi kuwa ko ƙis bai ji ba. Dutsen ya motsa kunne.

Tsohon namijin ɓauna ne, irin wanda garke ya kora, mai baƙar zuciya. Da sun ƙara taku kaɗan da sun bi ta gaban hancinsa. Ya miƙe a hankali, laka tana zubowa daga jikinsa, ya ɗaga hanci sama.

Mai Kunne ya sauke bindiga daga kafaɗa ya saita. Da ɗaya hannun ya yi alamar a ja da baya. Ta gefen ido ya ga mai kyamara yana ɗaga kayansa, ya ga Auta ta danne masa hannu ƙasa ba tare da ta ko dube shi ba. Ta juya layin, ɗaya bayan ɗaya, suna taka inda ta taka. Haka ake yi idan za a janye, na baya ya zama na gaba, na gaba ya tsaya ya tare.

Ɓaunan ya tako, ya tsaya, ya sake takowa. Gumi ya shiga idon Mai Kunne bai isa ya share ba. Yatsansa yana kan kunamar bindiga. Abin da ya fi ci masa rai shi ne dabbar nan ba ta yi laifin komai ba. Tana kwance a inuwarta. Carki ya yi aikinsa, Auta ta yi nata. Shi ne ya jawo mutum shida da 'yar cikinsa har nan don gudun kujerar roba, yanzu kuma zai kashe mai gida a kan haka. Ya fara ja da baya, taku ɗaya, ya jira, taku ɗaya, bakinsa yana addu'a. Iska ta tsaya cik. Idan ta juya, shi ke nan.

Ɓaunan ya girgiza kai, ya yi huci har ciyawar gabansa ta kwanta. Sannan ya juya ya kutsa cikin sarƙaƙiya, rassa suna karyewa a bayansa.

A kan dutse ya same su. Baƙi suka yi masa caa da yabo, mai kyamara har da rungumarsa, wai bai taɓa ganin jarumi irinsa ba. Auta ta miƙo masa gora tana kallon ƙasa.

"Sau nawa kika yi fito?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Baba, sha ruwa."

"Na ce sau nawa?"

Ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. Ta matso daidai kunnensa. "Har bakina ya bushe."

Ya sha ruwan, ya daɗe yana rufe gorar. Sannan ya cire harsashi ya duba, ya mayar, ya rataya mata bindigar a kafaɗa. Ya ciro safar tokar ya danƙa mata. Ya sunkuya ya ɗauki buhun shara da akwatin magani.

"Manaja fa?" ta ce.

"Ni zan gaya masa da bakina. Ko ya bar ni a baya, ko ya kai ni ƙofa, wannan nasa ne. Wuce, rana tana yi."

Baƙi suka ɗauka tsarin tafiyar ne haka. Suka jeru a bayanta, shi ya bi ƙarshe, buhu yana bugun ƙafarsa. Daga nan yana hango ta, tana tafiya ta ɗan karkata kai gefe, yadda shi ma yake yi. Abin ya yi masa zafi, ya kuma yi masa daɗi, ya rasa wanne ya fi.

Sun kusa fita daga kwarin ta ɗaga hannu, layi ya tsaya cak. Mai Kunne ya kasa kunne don sabo. Bai ji komai ba. Ya tsaya, yana jiran ta sauke hannun.