Kuɓewar Lantana da Zomayen Garka

Na yi kwana arba'in ina takabar Malam Ɗan'azumi, masu zuwa gaisuwa duk sun ɗauke ƙafa, sai ga Lantana matar Maiwada tela ta yi sallama da ɗan ƙoƙo a hannu. Garin busasshiyar kuɓewa ne a ciki. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta san kunnena ya gaji da jin wannan. Cewa ta yi, "Zulai, ki kaɗa da daddawa, amma kada ki cika kanwa. Ta gidanmu ce, ba ta so." Ta zauna bakin ƙofa tana tsince mini wake har la'asar. Ran nan na fara cin tuwo na ƙoshi.

Lantana 'yar Kudan ce, aure ya kawo ta Kurmin Kogi. Ta yi aji huɗu na elementare a Makarfi, shi ya sa da aka sami mulkin kai aka ba ta ajin mata na yaƙi da jahilci a cikin gidan mai unguwa. Littattafan da aka aiko mata duk zancen tonon masai ne da tsintar auduga. Mako uku mata suka watse. Sai ta aika aka sayo mata littafin rubutu a kasuwar Makarfi, ta fara labarin wani Ja'afaru ɗan koli da ya ga Ummuhani mai tallan nono a mashaya, ya manta inda ya ɗaure jakinsa. Ta karanta mana shafi ɗaya ta rufe. Mai son jin sauran, ta ce, ta koyi karantawa da kanta.

Haka na iya boko. Na gaya wa mutane don takardar asibiti na shiga ajin, Allah Ya yafe mini.

Shekara biyu Ja'afaru yana zarya bai auri Ummuhani ba. Mairo, wadda ta fi mu baki a ajin, takan ce, "Malama, yarinyar nan a littafi za ta yi furfura?" Shi kuwa Maiwada bai iya boko ba. Abin da yake tambaya ɗaya ne: "Wai shi Ja'afarun nan yaushe yake zuwa gona?"

Kuɓewar nan da ta kawo mini irin mahaifiyarta ce, gajera mai jan kara, ƙwaya biyar sun isa tukunya. Bayan rasuwar tsohuwar, gara ta cinye wadda aka ajiye a Kudan. Abin da ya saura a duniya shi ne na cikin wani ɗan gora da Lantana ta cakuɗa da toka ta rataye a madafa.

Bazarar shekara ta uku da mulkin kai, ruwan farko ya sauka, ta shuka a garkar bayan gida. Tsiro ya yi ganye biyu, zomaye suka shigo suka aske shi ƙasa-ƙasa. Maiwada ya toshe danga da ƙaya, suka sami kafa ta magudanar ruwa. Ta sake shukawa, ta barbaɗa toka da barkono, ruwa ya wanke. Sai ta ce ita da kanta za ta yi gadi.

Wata safiya na leƙa garkar. Tana zaune kan tabarma, littafi a cinya, fensir yana gudu. Taku huɗu daga ƙafarta zomaye biyu suna aikinsu.

"Malama, ana cin kuɓewarki!"

"Yi a hankali, Zulai. Dubi babban nan, ba ya sa baki sai ƙaramar ta ci ta ƙoshi. Kin taɓa ganin namiji mai kara haka?"

Ashe har ta raɗa musu suna. Babban Ja'afaru, ƙaramar Ummuhani. Makon nan ne ma a littafi Ja'afaru ya tsaya a rana yana tare wa Ummuhani ƙudaje tana damun fura, muka yi ta sheƙa dariya ba mu san inda ta samo ba. Shuka ta biyu dai ta tafi. Ta juye goran a tafin hannunta, irin da ya rage bai rufe tsakiyar tafin ba. Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta ce, "In wannan ya tafi, Inna ta tafi ke nan gaba ɗaya."

Maiwada ya bar kekensa ya haɗa tarko irin na manoma: babban kwando a kife, an tokare bakinsa da sanda, ganyen dankali a ƙarƙashi, igiya daga sandar zuwa bayan rumbu. Ya miƙa mata bakin igiyar. "Aikinki ɗaya ne, Malama. In ya shiga ki fizga. Kuma littafin nan a ɗaki zai jira ki."

Ta roƙe ni in taya ta zama. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, muka tsuguna bayan rumbu ina jan carbina. Ba a jima ba suka ɓullo ta magudana. Babban ya shige ƙarƙashin kwando, ƙaramar ta tsaya waje tana kaɗa kunne. Na taɓa Lantana. Hannunta bai motsa ba.

"Ki ja mana."

"In na kama shi, ita fa? Sai ta zauna ita kaɗai tana..." Ta dube ni, ta haɗiye sauran maganar.

Na ce, "Za ta ci tuwo ta ƙoshi in an kai mata miya." Na fizge igiyar da hannuna. Kwando ya kife.

Maiwada ya fito da wuƙarsa, ya zura hannu ya kamo kunnuwa ya ɗaga. Ya duba, ya sake dubawa, sai dariya ta kama shi har ya jingina da rumbu.

"Malama, zo ki ga Ja'afarunki. Nono shida, duk cike da ruwa! Jego yake yi. Waccan kuwa 'yarta ce ta fari, shi ya sa take bari ta ci."

Lantana ta rufe fuska da gyale. Ni ma na kasa riƙe dariyata. Maiwada ya mayar da wuƙa kube, ya ce shi ba ya yanka mai shayarwa, ya kai ta bayan danga ya saki. Wata guda duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin. In Lantana ta wuce yakan ce, "Malama, yaya mai jego?"

Ragowar irin kuwa ba ta koma garka ba. Gidana katanga ce kewaye, babu magudanar da zomo zai bi. Muka cika fasassun tukwane da ƙasar bola muka shuka a tsakar gida, na kifa musu kwandon nan don kaji. Tara suka tsiro. Ba mu ci ko ɗaya ba shekarar nan, duk muka bari suka bushe a kara. Goran ya cika har wuya. Da kaka kuma Ja'afaru ya auri Ummuhani, Mairo ta yi guɗa a tsakiyar aji.

Shekara huɗu bayan haka aka nemi Lantana ta koyar da mata a Ikara, Maiwada ya ɗaure kekensa suka tashi. Littattafan ta bar wa ajin. Ni ta kawo mini rabin irin a ƙulle a bakin zane, ta tsaya a inda ta zauna ranar tsintar wake.

"Zulai, ki shuka kowace bazara, ko ba ki da bukata. Na cikin gida naki ne." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ba ta dube ni ba. "Amma don Allah ki shuka kunya ɗaya a bayan katanga, kada ki sa mata ƙaya. Kuma kada maigidana ya ji."