Gayyar 'Yan Takur

A zamanin En'e, tun Turawa na nan, wani malamin elimantare ya haɗa ƙungiyoyin ƙwallo na unguwannin Dutse da ƙauyukan kewaye, ya raba mu gida biyu: rukunin sama da rukunin ƙasa. Ana fara wasa bayan an gama kai amfanin gona rumbu, a ƙare kafin damina. A ƙarshe sai na kashin bayan rukunin sama ya kara da zakaran rukunin ƙasa. Wanda ya ci shi ne a sama, wanda kuma bai zo fili ba an ci shi ke nan.

Ni ne golan Limawa. Ba don iyawa aka ba ni ba, don tsayi ne, kuma babu mai son wurin. A shekarar da nake ba da labari mun sha kashi har mun gode wa Allah. 'Yan gabanmu sun fi ƙwarewa a gardama, ni kuwa ƙwallo ta raina ni, ta ƙarƙashin hammata ma wucewa take. Muka ƙare a kashin bayan rukunin sama, aka ce za mu kara da Takur, zakarun rukunin ƙasa. Faɗawa ƙasa a hannun Takur abin gori ne da ba ya ƙarewa, don kasuwarmu ɗaya da su.

Azumi ya ja wasannin baya, har ranar karawar ta faɗo a bakin damina. Muka wayi gari ranar an sheƙa ruwan shuka. Manomi ya san ruwan nan ba ya jiran kowa, in ka bari ƙasa ta sha iska, sai ka jira wani, in ya zo. Abokan wasana suna da yayye da ƙanne, za su gama da wuri. Ni kuwa ni kaɗai ne namiji a gidanmu, ga Baba kwance, kurkunu ya kama masa ƙafa. Ban ko yi shawara da kowa ba. Na aika wa kyaftin ɗinmu cewa su nemi wani gola, alhali na san da ƙyar muke cika, in babu ni babu wasa. Na saɓa sungumi, Inna ta biyo ni da ƙwaryar iri, raina a ɓace.

Ban yi nisa da sara ba na hango samari sun nufo gonar da sungumai a kafaɗa. Da suka matso na ga 'yan Takur ne, yawancinsu 'ya'yan manyan gandaye da ba a rasa hannu a gidajensu. Kyaftin ɗinsu ya durƙusa ya gaida Inna.

"Inna, ki ba mu irin, ki je ki huta. Ya jikin Baba?"

Sannan ya juyo gare ni yana dariya. "Kai gola, mun ji wai za ka ɓuya a gona. Ba ka isa ba. Mu ba ma cin mushe, sai mun yanka da hannunmu."

Suka jeru, wasu na sara, wasu na bi suna zuba gero suna binnewa da diddige, ana waƙa ana zolayata. Ɗan gabansu, wani gajere mai gwame, layinsa ya karkace kamar hanyar tururuwa, Inna ta yi ta masa tsiya daga gindin tsamiya. Kafin azahar an gama gonar da ni kaɗai sai na kwana biyu a kanta. Suka sha fura, suka wuce.

Bayan la'asar muka shiga fili, ƙafafunmu duka da jar ƙasar gonarmu. Na ɗauka wanda ya yi maka wannan alheri zai ɗan sassauta. Ina! Kamar ba su taɓa ganina ba. Ban taɓa kama ƙwallo irin ta ranar ba, na yi ta faɗuwa a taɓo, har 'yan kallo suka fara kiran Limawa. Amma dab da tashi gajeren nan ya kuɓuce wa 'yan bayanmu, ya zura mini ita a kusurwa. Alƙalin wasa ya hura usur, muka faɗa rukunin ƙasa.

Na ji zafin abin ƙwarai, ban ɓoye ba, da hawaye na shiga gida. Baba na jingine a zaure, ƙafa a miƙe.

"Yaya aka ƙare?"

"An ci mu, Baba. Mun sauka."

"Su wa suka ci ku?"

"Waɗanda suka yi mana shuka."

Sai ya kira Inna, ya ce ta ɗebo dabinon da yake ɓoyo don baƙi.

"Wanke fuskarka," in ji shi. "Ka kai musu, ka yi musu barka da hawa. Ka ce ni na aiko ka, da ƙafata na da lafiya da kaina zan zo."

Na ɗauki ƙullin na kama hanyar Takur, ina jiyo gangarsu tun daga nesa.