Jirgin Da Na Haɗa Wa Baba a Abakpa

Yanzu yaro yana kwance a ɗaki zai ga teku a wayarsa. A Kadunar shekarun saba'in kuwa, in ka ce ka ga ruwan da ba a hango gaɓarsa, kallon mai ƙarin gishiri za a yi maka. Lokacin ina aikin gwamnati, ina haya a Abakpa ni kaɗai, iyalina suna Katsina wajen mahaifina.

Baba ya je Makka a ƙafa yana saurayi, ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin ta Sudan a jirgin katako da iska ke turawa. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai nake zama in saurari labarin. Da tsufa ya zo, ido ya tafi, magana ma ta fara ja baya. Sai na ƙudurta zan haɗa masa ɗan ƙaramin jirgi ya shafa da hannu, ko labarin zai dawo bakinsa.

A tafiye-tafiyen aiki na ga masu haɗa jirgi a Sudan, na gan su a Ingila. Turawa kan kafa haƙarƙarin jirgin sannan su rufe da katako. Larabawan gaɓa kuwa katakon jiki suke fara jerawa. Na bi Turawa, don ya fi sauƙi ga mai hannu biyu kacal. Wani kafinta Bazamfare a Kinkinau ya tsaga mini maɗaci sirara. Ran Asabar sai in jiƙa su a ruwan zafi, in lanƙwasa, in manna ɗaya dama ɗaya hagu, domin in ka cika gefe guda jirgin zai murɗe. Ba mai riƙe mini ɗaya bakin, da haɓa nake dannewa. Ina jiyo hirar maƙwabta ta taga.

Da damina na yi aikin, katako a kumbure. Kafin in samu hutu rani ya shigo, katakon ya tsuke, tsaga ta buɗe ko'ina. Haka na kai wa Baba shi Katsina.

Baba ya zagaye bakin jirgin da yatsa, ya shinshina.

"Akushi ka kawo mini?"

"Jirgi ne, Baba. Irin wanda kuka shiga a Sawakin."

"Wannan ai ba zai riƙe miya ba," in ji shi, yana dariya. "An cuce ka, ɗan nan. Mayar musu."

Na dawo da shi Abakpa, na ɗora kan kabad. Baba ya ƙara shekaru a duniya, amma bai sake ambaton teku ba. Tun daga ranar, labarin ƙetarewar nan a wajena kaɗai ya rage.