Farantin Goggo Stamatiya

Goggo Stamatiya, yayar babana, ta baro Girka tana budurwa, ta tsufa tana suyar kifi a Melbourne, amma Turanci ya ƙi zama a bakinta. Ko burodi sai da nuni take saye.

Ranar da na raka ta asibiti, Likita Hollis ya duba gwiwarta, ya ambaci wani dogon sunan ciwo. Kafin in fassara, ta fashe da dariya.

"Rufe bakinki, 'yar nan, na ji shi. Kumburin gaɓa ya ce, da Girkanci, yaren uwata! Ashe daga gidanmu suka ɗebo sunayen cututtukansu."

Washegari ta kai masa faranti cike da fanke mai zuma.

"Gaya masa mu ba a mayar mana da faranti wayam. Sun kwashi kalmominmu ba tukwici, kada ya haɗa da farantina."

Bawan Allah ya dawo da shi ɗauke da kek ɗin da ya gasa da kansa. Goggo ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Kalmomin na yafe musu. Amma ya zo in koya masa girki."