Hadarin da Jirgi Ya Kewaye

Shekarar da ruwa ya yi mana jinkiri a Guci, irin geron da zan shuka tiya uku ne, wato kwanon awo uku, ba ni da wani bayansa. Maƙwabta sun yi binne, sun zuba iri a busasshen yashi suna jiran sama. Ni na hana a taɓa nawa. In yayyafi ya tsirar da shi rana ta ƙone, me zan shuka?

Kullum da azahar ina kan tudun bayan gida ina kallon gabas. Sau biyu hadari ya taso can nesa, sau biyu jirgin sama ya ratsa ta cikinsa, hadarin ya watse. Ba labari aka ba ni ba, idona ya gani. Na ce jirgin nan korar mana ruwa yake.

Ɗan ƙanwata yana aiki a filin jirgi na Damagaram, wajen masu duba yanayi. Ranar kasuwa ya zo gaisuwa, na tare shi tun bai ajiye kwanon ruwa ba.

"Ku ne ke korar mana hadari?"

"Inna, da muna iyawa, ai da mun koro miki shi har ƙofar ɗaki."

"Ba wasa na tambaye ka ba."

Ya gyara zama. Ya ce matuƙin jirgi ya fi kowa tsoron hadari. Hadarin da jirgi ya ratsa, dama fanko ne. Amma in ya hango dogo, mai baƙin gindi, kansa a baje kamar maƙera, tun daga nesa yake kauce masa, don iskar cikinsa da ƙanƙara suna iya karya jirgi.

Ban ce na yarda ba. Mai cin albashin wuri ba ya kushe wurin. Na dai riƙe maganar.

Bayan kwana shida irin wannan hadarin ya tsaya a gabas. Jirgin ya taho, ya karkata, ya kewaye shi kamar baƙo da karen gida. Na sauko na ce wa babban ɗana ya ɗauki sungumi. Yana sara, ni da matarsa muna zuba iri. Tiya biyu na fitar. Ɗayar na bar ta a tulu, na liƙe bakin.

Kafin magariba ruwa ya sauko. Da safe na tona gona, danshi ya wuce tsawon tafin hannuna. Geron ya tsiro, ya tsaya.

Da ɗan ƙanwar tawa ya sake zuwa ya ce, "Inna, yanzu kin wanke mu?"

Na ce, "Na wannan. Biyun farko fa, wa ya leƙa cikinsu kafin jirginku ya shiga?"