Wuƙar Da Ta Yanke Cibi

Ƙarfe ɗaya na rana motarmu ta mutu, mun ɗan wuce Malisa, kuma wallahi daga nan komai ya fara. Ni ba mai yawan magana ba ce, balle in ƙirƙiri labari. Ina shekara ta biyu a jami'a lokacin, na gama hutu a gida Gwandu zan koma Kalgo.

Ina da wata 'yar wuƙa mai naɗewa, irin wadda ba ta tsatsa, marigayi Babana ya ba ni ranar da zan fara makaranta. Da ita nake yanka albasa da tattasai, da ita nake fere rake, in na gama in wanke, in goge, in naɗe, in saka a aljihun jakata. Ban taɓa barinta a buɗe ba, haka nake da kayana.

Direba na fama da inji, sai na zaga bayan wata gonar gero in kama ruwa. A gindin tsamiya na tarar da mace zaune kan zane ita kaɗai, da jariri a cinyarta ko wanka ba a yi masa ba, cibiyarsa a haɗe. Ta ce, "Ɗiyata, ara min yuƙarki." Ban fito da wuƙar ba fa, tana cikin jaka, amma tausayi bai bar ni na yi wannan tunanin ba. Na ciro na miƙa mata. Ta yanke cibin, ta goge wuƙar a gefen zane, ta ajiye ta a buɗe saitin kan yaron.

Sai na ji direba na danna hon. Na ce, "Baiwar Allah, wuƙar." Ta ce, "Ki bar mishi har a yi suna." Ita kaɗai ce abin Babana da ya rage a hannuna. Sai kawai na sunkuya na ɗauka na naɗe. Ba ta yi fushi ba. Ta dube ni ta ce, "To, inda duk take, nan zan aje shi."

Da na faɗa a mota, wata dattijuwa da ɗanta suka je su taimaka mata. Ba su ga kowa ba, ko ɗigon jini babu.

Washegari ina ajin karatu, jakata a cinya, sai na ji ta yi nauyi, ta yi ɗumi, tana ɗagawa tana sauka a hankali kamar mai numfashi. Innalillahi! Na leƙa, littattafaina ne kawai, sai wuƙar a buɗe. A gindin ƙarfenta akwai wani jan tabo, na wanke da omo, na dirza da toka, bai fita ba.

Rahila, 'yar Zuru da muke ɗaki ɗaya, ta tare ni rannan da azahar ta ce, "Ke Malama, jaririn wa kika kulle mana a ɗaki? Tun daga bakin famfo nake jin kukansa." Muka buɗe, ba kowa, sai jakata a kan katifa, katifar ta lotsa a ƙarƙashinta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in na naɗe wuƙar. Kukan sai ya tashi sama, kajin mai gida su yi tsit, sai mu ga inuwa ta tsaya a ƙasan ƙofa, wani abu na shinshinar katakon daga waje, da rana tsaka! Ina buɗe ta, sai inuwar ta ja baya. Rahila ta kwashe kayanta ta koma wajen ƙawarta, ni kuwa abinci ya gagare ni.

Na koma Gwandu na faɗa wa Inna, kakata, wadda ta yi shekaru tana karɓar haihuwa. Ta ce, "Subhanallahi! Yuƙar da ta yanke cibi kinka ɗauke? Tashi mu tahi, tun ba a kai ga suna ba." Muka shiga mota har wajen. Na ajiye wuƙar Babana a buɗe a gindin tsamiyar ina kuka, muka juyo ba waiwaye. Nan take jakata ta koma sakayau, kuma ina rantsuwa na ji wata siririyar guɗa a bayanmu.

Don Allah, in wani ya roƙe ku abin da ke ɓoye a jakarku, ku fara tambayar kanku yadda aka yi ya sani. In kuma kun riga kun bayar, ku haƙura da shi.

Na sha tambayar Inna, tana share ni. Sai a ciwonta na ƙarshe na sake cewa, "Inna, ai don tsoron aljanu irin matar nan ake ajiye wa jariri wuƙa. To ita don wa take ajiyewa?" Ta ce, "Ban san shi ba, ɗiyata. Amma ko mine ne, ƙyauren katako kaɗai ya raba ku."