Baƙuwar da Ke Jiran Kuɗin Jirgi Ya Sauko

Shekarar da aka kawo taron ƙungiyarmu ta malamai mata Kazaure, ni aka ɗora wa neman masauki. Tun a zaman farko na ce otal-otal ɗin garin ba za su ɗauke mutanen nan ba, a kai taron Kano. Aka ce ba ni da kishin gida. To, ranar da baƙi suka fara isowa daga filin jirgin Kano, kafin la'asar duk ɗakunan da na kama sun cika, har da wanda fankarsa ba ta juyawa. Dole aka koma raba mutane gidajen 'yan'uwa.

Wadda ta faɗo hannuna wata babbar jami'armu ce daga Legas, Bahaushiya tsaf, da akwatuna uku da turaren da ke riga ta shiga wuri. Gidana ɗaki biyu ne, ga miji ga yara huɗu, sai na kai ta Roni wurin mahaifiyata. Har yau in na tuna ni da kaina na tare mota na kai ta, ji nake kamar in mari kaina.

Inna ɗaki ɗaya gare ta mai siminti da gado, wanda muka haɗu muka gina mata saboda ciwon gwiwa. Tana ganin baƙuwa ta tattara 'yan kayanta ta koma ɗakin da ake ajiye gero da gyaɗa, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Damina ce, ƙasan ɗakin nan sai danshi. Na yi magana, ta ce ai kwana uku ne.

Taro ya tashi, kowa ya kama gabansa, Hajiya baƙuwarmu ko gezau. Ashe tikitin zuwa kawai ta saya, tana taƙama za ta samu na komawa da araha. Kullum na tashi daga makaranta na hau acaɓa na je, sai in tarar da ita a miƙe kan gadon Inna tana latsa waya.

"Ƙanwata, yau ma kuɗin jirgin bai sauko ba. Mutanen nan ba su da imani. Bari mu ga jibi."

A gidanmu ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi. Ko jakarsa ba a kallo, kada ya zaci wani abu. Hajiya ta san haka sarai, ita ma a irin gidan ta tashi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da baƙuwar al'ada ce sai in ce rashin sani ne. Ta ci zabin Inna biyu, ta sa aka canja mata gidan sauro, ta ce furar ta cika tsami. Matar da ke da mota da direba a Legas ce fa.

Inna kuwa ta koma salla a zaune. In za ta fito sai ta dafa bango. Na roƙe ta ko ta bari a ɗauko katifar ta sa a ƙasa, ta harare ni.

"Ke, a zare katifa a ƙarƙashin baƙo? Kina da hankali kuwa?"

A kwana na tara na sami Inna ta kasa tashi sam. Da hannu take jan jiki zuwa bakin ƙofa don ta ɗora wa baƙuwa ruwan wanka. Daga ɗaya ɗakin ina jin Hajiya a waya tana dariya, tana gaya wa wata cewa tana ƙauye tana hutawa, iska mai daɗi, ba ruwanta da kuɗin otal. Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba, ko sallama ban yi ba.

"Hajiya, yaushe za ki tafi?"

Ta sauke wayar tana kallona.

"Ni kike tambaya?"

"Ke. In jirgi ya fi ƙarfinki, motar Legas na tashi daga Kano kullum. Tsohuwar da kike kwana a gadonta ba ta iya miƙewa."

Kafin magariba ta haɗa kayanta. Tikitin da ta kwana tara tana kuka da tsadarsa, nan take ta saye shi a gabana. Ta fita ko leƙa Inna ba ta yi ba. Ban yi nadama ba, kuma har gobe in an ambaci matar nan a taro sai in tashi in bar wurin.

Na share ɗakin, na canja zanin gado, na je in kamo Inna. Ta janye hannunta.

"A gidana kika kori baƙo."

"Inna, ƙafarki fa."

"Ƙafata ce. Na kawo miki ƙara?"

Ta sa aka kulle ɗakin, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta ce ba za ta kwanta inda aka kori baƙo ba. Yayyena sun yi magana, limamin unguwa ya yi, ba ta sauya ba. Na saya mata katifa, ta aika wa maƙwabciya da ita. Damina biyu ke nan tana kwana kan tabarmar nan a gefen buhunan gero, yanzu ko bakin ƙofa sai an ɗauke ta. Duk Juma'a ina zuwa in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.